Tsohon da Yake Tsayawa a Matakala ta Bakwai

Daga ofishin Shugaban Kwamitin Ƙoli na Alƙalan Wasannin Bidiyo,
Hawa na goma sha ɗaya,
Ranar Talata.

Zuwa ga Malama ɗalibar ajin ƙarshe, mai haɗa gem,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu yana tafiya, kuma kina cin abinci a kan lokaci, don an ce mini irinku sukan manta da cikinsu a gaban kwamfuta. Ni dai alhamdu lillahi, ban da wuyana da ya sage saboda yawan zama a jirgin sama. Likitocina uku sun duba. Biyu sun ce in huta, na ukun ya ce in rage girma. Ban san yadda ake rage shi ba.

Ba ki san ni ba, amma duk gem ɗin da ya fito sai ya biyo ta teburina. Na rubuto miki da harshenmu ne saboda na ji tsohon da ke cikin naki da shi yake magana. Bari in fara da na manyan kamfanoni na bana, don ki san da su wa aka auna ki.

Na ƙwallo ya sake fitowa. Sun canza wa 'yan wasa riguna, sun ƙara musu gumi a goshi, har ciyawa ana gani tana manne a gwiwar mai tsaron gida. Amma mai tsaron gidan nan na bara ne. In aka bugo daga kusurwar hagu sai ya tsaya yana kallon ƙwallo kamar ya yi kiciɓis da surukarsa a kasuwa. Kwamitina ya yi wata biyu yana cin sa ta wuri ɗaya. Abin da zan yaba musu shi ne mutum biyu za su zauna su buga, su tashi suna zagin juna cikin daɗin rai, gobe su dawo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na yaƙi kuwa, kyau kamar a lashe. Hayaƙi, ruwan sama, ƙarar takalmi a kan rufin kwano. Sai dai jarumin ya cika surutu. Ka yi harbi biyu ke nan sai a ƙwace maka wasan, ya tsaya yana ba matarsa labarin ƙuruciyarsa. Wani alƙalina ya fita ya yi alwala ya dawo, mutumin bai kai shekara goma ba a labarin.

Akwai wanda suka zuba birni guda a ciki, ka yi awa ɗaya a mota ba ka ga ƙarshensa ba. Na sauka na ƙirga ƙofofin layi ɗaya, talatin da ɗaya, biyu ne kacal suke buɗewa. Sauran fenti ne. Kuma kafin ya yarda ya tashi sai ya wuni yana shan intanet.

Wanda na fi so shi ne na mai takobi, wanda dodon farko yake kashe ka sau arba'in. Yara suna kuka da shi, ni kuwa adalci na gani. Ba ya ba ka ƙari sai ka biya karatun jiya babu gargada, kamar malamin da ba ya barin ka wanke allo don ka marairaice fuska. Aibinsa rubutun da ke ƙasa, ƙanana kamar sawun kiyashi.

Yanzu sai naki, na tsoho mai gyaran agogo. Ya bi gidaje ya karɓo matattun agoguna, ya hau shagonsa a saman bene, ya buɗe bayansu ya jera 'yan ƙarafan nan da hantsaki. Malama, lokacin da aka sa na ƙarshe agogo ya farka, abin dannawa ya yi ɗan motsi a tafin hannu kamar zuciyar tsako, na ji shi har ƙeyata. Ƙofofinki bakwai ne, duk suna buɗewa. Kin fi mai talatin da ɗaya.

Laifuffuka: kyanwar shagon tana ratsa bango kamar aljana. Matar gida na uku in ta miƙo agogo hannunta yana zama a sama har ka fita.

Sai matakalar nan. Tsoho ya hau shida lafiya, a ta bakwai ya tsaya, ya ciro agogon aljihu ya kara a kunne. Ka danna sama, ka danna ƙasa, ka girgiza abin, ko gezau. Daƙiƙa arba'in, na auna. Kunkuru da buhun siminti a baya zai riga shi kaiwa. Alƙalaina biyu sun yi gyangyaɗi, ɗaya ya tambaya ko a kira wa dattijon motar asibiti.

Ki ci gaba da ƙoƙari. Ina sa ido.

Shugaba.

*

Ɗakin kwanan ɗalibai,
Ranar Laraba.

Ranka ya daɗe,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙin wuya. Ni lafiya lau, sai mura da ta kama duk 'yan ɗakinmu, mu huɗu muna tari kamar ana gasa.

Na karanta wasiƙarka sau uku, na huɗun ƙawata ce ta karanta mini da ƙarfi don na ce idona ƙarya yake yi. Ina jin a shafin da makaranta take ɗora ayyukan ɗalibai ka ga nawa. Ban taɓa zaton wani a wajen ajinmu zai buɗe ba, balle mutum kamarka, balle kuma mai jin harshenmu. Maganar wanke allo ta ba ni dariya, ban san Shugaba ya zauna a gaban malam ba.

Na yarda da kai a kan na ƙwallo da na birni. A kan na yaƙi, ka yi haƙuri, zan ɗan saɓa. Hirar da yake yi da matarsa ita kaɗai ce ta sa na damu ko ya mutu ko ya rayu. Tsawonta ne ya yi yawa. Na mai takobin kuwa ban wuce dodon farko ba har yau, don haka ba ni da bakin magana.

Kyanwa ta daina ratsa bango tun jiya. Hannun matar ma ya sauka.

Ga abin da ya sa na rubuto da gaggawa. Ranar Alhamis ta mako uku masu zuwa zan tsaya a gaban malamai biyar. Kowanne zai buga minti goma, kuma da abin da suka gani a minti goman nan za a yanke hukuncin shekara huɗun da na yi a nan. Malamin da yake duba aikina ya daɗe yana ce mini daƙiƙa arba'in a cikin minti goma ɓarna ce, mai bugawa ba ya son a ɗaure masa hannu. Ina ta ƙi. Ina ce masa bai gane ba ne. Yanzu ga shi kai ma ka faɗa, kuma kai ba ka da dalilin da za ka faranta mini ko ka ɓata mini.

In cire matakalar? Kalma ɗaya ta ishe ni.

Taka mai biyayya,
Ɗaliba.

*

Ɗakin kwanan ɗalibai,
Ranar Litinin.

Ranka ya daɗe,

Ina gaisuwa, ina fatan wuya ya saki. Murarmu ta tafi, ta bar wa ƙawata toshewar kunne.

Kwana goma sha biyu ke nan ina buɗe akwatin saƙo safe da yamma. Jiya na zauna na yi wa kaina faɗa. Mutum ya riga ya gaya miki alƙalansa sun yi gyangyaɗi, me kuma kike so ya ce? Na gane ba ka amsa ba ne don kada ka maimaita abin da yake a fili.

Na cire ta. Yanzu tsoho yana isa gindin bene sai hoto ya yi duhu, sai ga shi a kan kujerarsa. Daƙiƙa biyu. Malamina ya buga, ya ce yanzu ne ya zama gem.

Tunda an wuce wurin, bari in faɗi abin da na ɓoye. Tsohon nan mahaifina ne. Shekara biyar ke nan da rasuwarsa. Shagonsa a saman bene yake, matakala goma sha huɗu, kuma tun ina ƙarama ban taɓa ganin ya wuce ta bakwai bai tsaya ba. Gwiwa ce take damunsa, amma ba ya son a sani, sai ya ciro agogo ya kara a kunne kamar aiki yake yi. Na sa wurin ne don in riƙa tsayawa tare da shi. Yanzu na fahimci wannan buƙatata ce ni kaɗai, bai kamata in ɗora wa mai bugawa ba.

Na gode da ka faɗa mini gaskiya. Dangi ba za su faɗa ba, ba su ma kalla ba. Wata biyu da suka wuce na aika wa mahaifiyata kwafi a memori. Ba ta da abin kunnawa, sai ta ba wani ɗan goggona ya nuna mata. Har yau gobe yake ce mata. Yaron bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba sai wurin cin abinci.

Taka,
Ɗaliba.

*

Ofishin Shugaba,
Ranar Asabar.

Malama,

Salamu alaikum. Ina lafiya, wuya ya warke, ki bar maganar wuya. Na yi tafiya ne zuwa wani babban taro a ƙasar waje inda ake karɓe wa mutane waya a bakin ƙofa. Yau na dawo na tarar da wasiƙunki biyu, na karanta ta biyun a tsaye.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta. Wato mahaifinki. Mu a kwamiti duk dattijon kirki Kawu muke ce masa.

Ki mayar da matakalar. Umarni ne daga ofis.

Ba ki karanta ni daidai ba. Na ce tsoho ya yi jinkiri, ban ce a rushe masa bene ba. Mu manya haka muke, in abu ya burge mu sai mu ɗan tsokane shi. Shirun kuma ba amsa ba ne, shiru ne kawai.

Ki duba bambancin. Na yaƙi yana ƙwace maka wasa don ya cika maka kunne da abin da ba ka tambaya ba. Naki yana tsayar da hannunka, amma ba ya ce maka komai, kai ne za ka saurara. Duk gem ɗin bana gudu ake yi a ciki, a harba, a ci, a wuce. Ban ga wanda ya isa ya ce wa yaro tsaya ba sai naki. Malaminki ya ce yanzu ya zama gem. To, ya zama irin na kowa.

Shi kuma ɗan goggon naki, kada ki yi saurin yanke masa hukunci. Mai yiwuwa yana da manyan ayyuka a gabansa.

Ina jiran ki ce mini kin mayar.

Shugaba.

*

Ɗakin kwanan ɗalibai,
Ranar Lahadi.

Ranka ya daɗe,

Barka da dawowa, Allah ya huta gajiya. Ni lafiya, ina ta gwajin bayanin da zan yi, 'yan ɗakinmu sun zama malamai biyar duk da su uku ne. Na gode da addu'ar da ka yi wa Baba.

Ka gafarce ni, ba zan mayar ba.

Wasiƙarka ta farko ka rubuta ta ba ka san ko wane ne tsohon ba. Ta biyu ka rubuta ta bayan na ce maka mahaifina ne kuma ya rasu. Na san wacce ce ta alƙali, na san wacce ce ta mai tausayi. Tun ranar da aka yi rasuwar nake ganin yadda fuskar mutane take canzawa in na ambace shi, komai na yi sai a ce ya yi kyau. Laifina ne da na gaya maka.

Malaman nan biyar ba za su san labarin gwiwar kowa ba. Za su zauna kamar yadda alƙalanka suka zauna, su danna sama su danna ƙasa. Gara in ji kunyar a wasiƙa da in ji ta a gabansu.

Saura kwana huɗu. Ka sa ni a addu'a.

Taka,
Ɗaliba.

*

Shagon gem, jikin mai aski,
Ranar Talata.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Umma tana lafiya, jiya na gan ta da idona, ta ce a gaishe ki, ta ce kuma ki rage shan shayi babu komai a ciki. Wuyana kuwa bai taɓa ciwo ba, kuma ban taɓa shiga jirgi ba.

Ki zauna kafin ki ci gaba. In akwai abin jifa kusa da ke, ki ba ƙawarki ta riƙe.

Babu hawa na goma sha ɗaya. Shago ne mai talabijin huɗu, benci biyu, da fanka mai juyawa in ta ga dama. Ni nake tsaronsa. Kwamitin Ƙoli yara shida ne masu zuwa in an tashi daga makaranta, sai mai aski, wanda shi yake gyara mini rubutu, don kin san ni allo na yi, bokon a waya na tsince shi. Taron ƙasar waje kuwa, wuta ce ta dawo da ƙarfi ta ƙona kwamfutar Maigida, mai shagon. Kwana goma sha bakwai ta yi a wurin mai gyara, lambar sirrin Shugaba tana cikinta, ni kuma na manta ta.

Abin da na faɗa a kan na ƙwallo da na yaƙi da sauran ina nan a kai, daga safe zuwa magariba su nake kallo. A kan naki ne na faɗi rabi na bar rabi. An yi gyangyaɗi ranar farko, gaskiya ne. Maganar motar asibiti ma an yi, ni na yi ta. Rabin da na bari, na bar shi ne don ba ya ba da dariya. Kwana uku da fara bugawa, ƙaramin cikinsu ya gaji da danne-danne ya ajiye abin a cinya, sai ya ce kowa ya yi shiru. Ashe in ba a taɓa komai ba ƙarar agogon tana ƙaruwa a hankali har ta cika ɗaki. Ke kika sa, kin sani. Tun daga ranar, in wani ya iso matakala, masu ƙwallo da kansu suke rage murya. Mai aski ya taɓa kashe injinsa a tsakiyar kan mutum ya leƙo. Na yi shekara uku a shagon nan, ban taɓa jin fankarmu tana da ƙara ba sai a daƙiƙa arba'in ɗin nan.

Za ki ce wannan ma tausayi ne. To ga wanda ba nawa ba.

Na karanta wasiƙarki ta Lahadi. Jiya da la'asar na je na ɗauko Umma, goben da nake ta ce mata ta zo. Ta zauna a benci da mayafinta, na sa mata abin dannawa a hannu, ta riƙe shi kamar an ba ta jaririn wani. Sau uku tana kai Kawu ya yi karo da bango tana ba shi haƙuri. Da ƙyar muka iso bene. Ya hau shida, ya tsaya, ya ciro agogo. Ba ta danna komai ba, ba sai an gaya mata ba.

Da ya gama ya wuce, na ce mata kin sa wurin ne saboda ciwon gwiwarsa. Ta juyo ta dube ni.

"Wace gwiwa? Yarinyar nan har yau ba ta sani ba?"

Ta ce mutumin da yake hawa da agogon bango biyu a kafaɗa ba shi da ciwon gwiwa. Ta ce kina shekara huɗu kika kafe sai kin riƙa bin sa shago, kuma ba kya yarda a ɗauke ki. Kafin ya kai ta bakwai ke kina ta uku kina haki. In ya waiwayo ya jira ki sai ki fashe da kuka wai ya raina ki. Shi ne ya ƙirƙiro sauraron agogo, ya ba ki baya yana ta aikin ƙarya har ki iso ki wuce shi kina cewa kin riga shi. Kika girma, kika tafi makaranta, bai daina tsayawa ba. Ta taɓa tambayarsa, ya ce ƙafa ce ta saba.

Sau uku ta sa na mayar mata wurin. A na ukun ta tambaye ni ko kin sa yarinyar a bayansa. Na ce babu kowa a bayansa. Sai ta ɗaga abin da ke hannunta ta ce, "To ai ga ta nan."

Daga nan na gaya mata kin cire, kuma ni ne sila. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kama kunnena a gaban Kwamitin Ƙoli gaba ɗaya, ta riƙe har mai aski ya shigo ceto.

Ta ce ita ba ta san gem ba, ba za ta gaya miki abin da za ki kai gaban malamai ba. Ni ma ba zan rantse miki za su so shi ba. Wataƙila su danna sama su danna ƙasa, su ce ɓarna ce. Aikinki ne, shekara huɗunki ce. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne ki shiga ɗakin nan jibi babu matakala saboda maganar wani Shugaban da babu shi a duniya. In za ki cire, ki cire don ke kika ga dama.

Kina iya tambayar me ya kai ni. Tun da kika tafi, duk saƙon da na turo miki hoton babban yatsa kike maido mini. Na so in ga tsawon wasiƙar da kike rubuta wa mutum in babba ne. Na gani. Ban yi zaton za ki rushe bene a kai ba, kuma da na sani da ban fara ba. Ki yafe mini.

Wanda ya rubuta duka, tun daga ta farko, ni ne Tsinke, ɗan Goggo Tela, mai zuwa cin abinci a kan lokaci. Kunnen hagu Umma ta riga ta gama da shi. Na dama na ajiye miki, amma sai bayan Alhamis.

Ƙaninki,
Tsinke.